Jar Mota Mai Huci daga Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A gareji tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin titinmu sai ya riƙe kofina a hannu ya ce ba zai miƙo ba sai na gaya masa yadda aka aike ni sayen motar dattijo na dawo da ta 'yan tsere. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ƙara wa labarin gishiri da zarar ya juya baya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru. Wautar da ke ciki tawa ce, kuma ta isa, ba sai an yi mini ƙari ba.

Sunana Bala, amma a Minna in ba ka ce Bala Riwaya ba, ba wanda zai nuna maka ni. Aikina wayar mota: fitila, batir, hon, rediyo. Na tsufa a cikin sana'ar, kuma kafin wannan tafiya ina ganin babu wani abu a jikin mota da zai ba ni mamaki.

Dalilin tafiyar Baba ne. Mahaifinmu tsohon direban jirgin ƙasa ne, tun zamanin jirgin kwal mai tururi. Tun da Inna ta rasu ya shiga ɗakinsa a gidanmu na Barkin Sale ya zauna. Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba, ya dai daina fita. Idonsa ya yi rauni, gwiwa ta riƙe, jini ya hau. Likita ya ce a riƙa kai shi ana dubawa, Baba ya ce a bari. Na kawo babur, ya ce mutumin da ya ja jirgi ba za a goya shi kamar buhun gero ba. Na kawo tasi, ya ce a bari. Ko masallacin Juma'a ya daina zuwa. Abokin hirarsa ɗaya ne, ƙaramar rediyon da ke kan cinyarsa daga asuba har ya kwanta. Muna kallonsa yana ƙarewa a zaune, kuma abin yana cin ranmu.

Babbar yayarmu, Yaya Asabe, wadda ko mijinta ba ya musu da ita, ita ta tara mu ta ce a haɗa hannu a saya wa Baba mota tasa ta kansa. In ya ga 'ya'yansa sun ajiye masa ita a ƙofar gida, kunya ma za ta sa ya shiga. A lokacin, farkon shekarun casa'in, duk mai son mota mai sauƙi Kwatano yake nufa. Ranar da zan tashi ta raka ni har zaure.

"Bala, dube ni nan," ta ce. "Mai ƙofa huɗu. Mai tsawo, wadda tsoho zai shiga ba sai ya sunkuya ba."

"Haba Yaya, ni za a koya wa mota?"

"Ban koya maka mota ba. Na ce ƙofa huɗu."

Abokin tafiyata Ndagi ne, Banufe ɗan Bida mai sayar da atamfa, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansu. Ndagi mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: in ya faɗi abu ya tabbata, ba ya barin ka manta. Hausarsa kuma irin tamu ce ta kasuwar Minna, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Zuwa dai lafiya lau. Mun bi ta Bida, Makwa, muka haye gadar Jabba, muka tsaya Ilori cin abinci. Nan aka ajiye mini baƙin tuwon doya da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa na tuna duk zunubaina. Ndagi na ci yana lasar yatsa, ni ina share hawaye ina cewa hayaƙin murhu ne. A Legas ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Mutanen garin ba sa tafiya, gudu suke yi, kuma in ka yi wa mutum sallama sai ya dafe aljihunsa.

Iyakar ƙasa ta ba ni mamaki. Ni a tunanina katanga zan gani da babbar ƙofa. Ashe sanda ce kawai a gicciye, da rumfuna, da mata ɗauke da daro suna wucewa ba wanda ya ce musu kanzil. Mu masu takarda mu aka tsayar. Da muka haye sai komai ya juye Faransanci. Jami'in can ya yi mini doguwar magana, ni kuma na yi ta gyaɗa kai ina murmushi. Daga baya Ndagi ya ce tambayata yake ko ina ɗauke da wata cuta.

A Zangon Kwatano muka sauka, gidan wani Bazabarme, Alhaji Sumaila, mai saukar da baƙi 'yan kasuwa kuma dillalin motoci. Ya ba mu ɗaki da tabarma da buta, kamar a gida. Abin da ba kamar gida ba shi ne karin kumallo. Maimakon koko da ƙosai, sai ga burodi dogo siriri mai tauri, wanda da a Minna ne da makiyayi ya kora shanu da shi, da kofi a cikin kwano. Da rana kuma tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi. Mata na tuƙa babur da jariri a goye ba mai waiwayensu. Fetur a cikin manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man gyaɗa. Sannan da rana ta take, gari duka sai ya rufe, kanti da ofis, kowa ya tafi ya kwanta. Na ce wa Ndagi in na gwada haka a gareji, kafin in farka masu mota sun koma wajen maƙwabcina.

Da la'asar Alhaji Sumaila ya kai mu filin motoci kusa da tashar jiragen ruwa. Motoci ne iya ganinka. Kuma wallahi na fara da gaskiya. Na duba masu ƙofa huɗu, na buɗe bonet, na leƙa ƙarƙashi, na ƙwanƙwasa ƙarfe ina tamke fuska irin ta masani. Masu kyan sun fi ƙarfinmu, waɗanda ƙarfinmu ya kai kuma tsatsa ta cinye cikinsu. Ina cikin haka sai na hango ta a can gefe, ja wur, a kwance da ƙasa, ƙura ta rufe ta. Ƙofa biyu.

"Wannan ba mai so," in ji Alhaji Sumaila. "Cikinta na jan ƙasa. Ta daɗe a nan."

Na ce bari in zauna kawai in ji. Alhaji Sumaila ya murɗa makulli, ya kunna rediyo. Sai na ji wani siririn kuka daga baya, na waiwaya, ga eriya tana fitowa daga jikin mota da kanta, gaɓa bayan gaɓa, ba hannun kowa, har ta miƙe. Murya ta fito tangaram, labaran Hausa daga can wata ƙasa mai nisa, ba shuu ba ƙara. Ya kashe rediyon, ta koma ciki ta ɓace.

A nan hankalina ya bar jikina. Amma ban ce wa kaina ina son jar mota ba. Cewa na yi: Baba da rediyo ba sa rabuwa, tasa kuma sai an juya ta gabas da yamma kafin ta kama. In ya ji wannan, shi da kansa zai nemi a shigar da shi. Kun ga yadda mutum ke yi wa son zuciyarsa rawani.

"Bala," Ndagi ya ce, "wannan mota ba na tsoho ba ne. Yaya Asabe ya ce kofa hudu."

"Akwai kujera a baya."

Ya leƙa. "Wannan na kyanwa ne."

Muka fita gwaji. Na taka totur, motar ta manna ni da kujera, na ɗaga ƙafa zan sa giya, sai na ji daga cikin bonet: fsshh! Na taka burki na ce taya ta yi faci. Alhaji Sumaila ya yi dariya, ya buɗe bonet ya nuna mini. Injin na da turbo, wato wata fanka da ke cusa masa iska da ƙarfi. In ka ɗaga ƙafa, hanyar iskar ta rufe, sai wani ɗan bawul ya buɗe ya saki wadda ta taru. Ya ce asali akwai tiyo mai mai da iskar ciki shiru, amma Baturen da ya mallake ta ya cire, ya sa wanda ke huci waje, don yana jin daɗin ƙarar.

Na dube shi. A ce mutum da hankalinsa ya biya a sa wa motarsa ƙara? Mu a Minna duk mai kawo mota gareji cewa yake a kashe masa ƙara. Na ce a raina wannan zancen dillali ne, iska ce ke zuba, in mun kama hanya zan ɗaure abina. Na sayi motar.

Masifa ta farko a iyaka ta same ni, kuma da hannuna na jawo ta. Mun ajiye mota a layi ana duba takardu, rediyo na yi. Ku da kuke Minna kun san al'adarmu: duk wanda ya fita daga mota sai ya danna eriya da tafin hannu, kada a lanƙwasa ko a zare. Na yi shekaru ina yi wa masu mota faɗa a kan haka. To na fito, ina magana da Ndagi, hannuna ya tafi da kansa ya danna. Ƙaras! Igiyar robar da ke tura ta daga ciki ta tsinke. Eriya ta faɗa rami, ɗan injinta ya kama kuka a banza ba tsayawa. Wani jami'i ya zagayo yana tambaya ko wata na'ura muka ɓoye a but, wajen zuba kaya na bayan mota. Dole na cire fis ɗin da ke ba ta wuta a gabansa, ni Bala Riwaya, ina zufa. Rediyo ta koma shuu kamar ruwan sama a kan kwano.

Da muka yi nisa Ndagi ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Abin da ka saya motan saboda shi, shi ne ka karya?"

A cunkoson Legas kuwa hucin ya zame mini abin kunya. In hanya ta ɗan buɗe na taka, na saki, fsshh. Masu talla na ja da baya. Wani kwandasta ya leƙo daga bas ya yi mini ihu, Ndagi ya fassara da murna: wai in kai motata asibiti, mura take yi. Ni kuwa Yaya Asabe kawai nake gani. Ƙofa biyu laifi ɗaya ne, eriya matacciya na biyu, ga kuma mota mai atishawa. Wane tsoho ne zai bar ɗakinsa don wannan?

Mun kwana Ilori a wani masauki da fankarsa ke juyawa ba ta kawo iska. Da safe na yi abin da kowane bakanike na gari a garinmu zai yi in ya ji iska na fita inda bai yarda da ita ba. Na sami guntun katako na fere, na cusa a bakin bawul ɗin, na yanko robar tsohon tiyub na naɗe tam, na bi da waya. Na tayar, na taka, na saki. Ba huci. Sai dai wani sabon sauti, tututu, kamar tantabara a cikin kwali.

"Yanzu kuma tsuntsu ya shiga," in ji Ndagi.

"Zama take yi. Iska ce ke neman hanyarta."

Gaskiya na faɗa ban sani ba. Ta sami hanyarta bayan mun haye gadar Jabba. A wani hawan tudu na fito zan wuce wata tirela, na taka har ƙasa, motar ta yi tsalle, na ɗaga ƙafa zan sa giya. Sai ji muka yi bam! Ndagi ya yi salati ya dafe hula. Ƙarfin mota ya tafi gaba ɗaya, baƙin hayaƙi ya biyo mu, tirelar da na wuce ta zo ta wuce mu, yaron motar yana ɗaga mana hannu. Na gangara gefe na buɗe bonet. Babban tiyon iska ya fice daga mazauninsa, bakinsa ya tsage. Iskar da na hana fita ta ƙofa ta fita ta bango.

A nan dariya ta ƙare mini. Na zauna a kan dutse. In turbon ya lalace, babu mai irinsa daga nan har Kaduna. Gumin 'yan'uwana ne a kwance bakin titi, Baba kuma yana can ɗaki, kullum ƙara shigewa yake. Na tuna yadda na same shi ranar da zan tafi, na ce Baba zan yi tafiya, ya ce "to," bai ko tambayi ina ba. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin kaina.

Allah ya sa Ndagi na da dangi masunta a wani ƙauye kusa da kogi. Suka zo suka turo motar har ƙarƙashin wani mangwaro, mata na banda kifi a gefe, kowa ya zagaye yana kallo. Na yanke bakin tiyon da ya tsage, na mayar, na ɗaure da kilif. Sannan na kwance robata da wayata, na zare katakon, na jefa shi cikin wutar bandar kifi ba tare da na dubi Ndagi ba. Na tayar da addu'a a bakina. Na taka, na saki. Fsshh! Ban taɓa jin daɗin abin kunya kamar ranar ba.

Tunda an tsaya, na ce bari in taɓa eriya. Na kwance ta daga but, na buɗe gidanta. Aikin ba wuya: ɗan inji ne da faifai, igiyar roba mai tauri na naɗe a kai, in ya juya ta tura sandar sama. Igiyar ce ta tsinke gida biyu. Na fara gwada wayar kulocin babur. Eriya ta tashi gwanin kyau, rediyo ta yi tsit, don ƙarfe ya taɓa jikin mota ya kwashe maganar. Wannan abu ne da nake koya wa masu koyon aiki, amma sai da na yi shi da hannuna a gaban masunta. Wani dattijo cikinsu, kawun Ndagi, da ya gaji da kallona, ya shiga bukka ya fito da zaren kamun giwan ruwa, fari, mai kauri kamar tsinken tsintsiya. Na ɗumama bakinsa a wuta, na cusa a gindin sandar, na matse, na naɗe sauran a faifai, na shafa man giris. Na mai da fis, na kunna. Ta fito a hankali tana rawa, amma ta fito, murya ta dawo. Masunta suka yi shewa, aka ba mu kifi da tuwon shinkafa, na ci kamar wanda ya ci yaƙi.

Daga Makwa zuwa Bida kuwa hanya ta rama wa kowa. Duk ramin da motar haya ke tsallakewa da gudu, mu sai mun tsaya mun yi shawara. Ndagi ya fita ya rage nauyi, ya tsaya gaba yana nuna mini da hannu, cikin mota na gurzar ƙasa, ni ina jin abin har haƙorina. Wani mai keke ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu, har muka saba muka fara gaisawa.

Da muka iso Kpakungu, bakin gari, Ndagi ya ce in tsaya.

"Ba za ka raka ni gida ba?"

"Ni ina da iyali," ya ce, ya ɗauki jakarsa. "Ka gaida Yaya Asabe."

Na shiga Barkin Sale da la'asar a giya ɗaya, ina lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai, don kada ta yi huci a ji. Na yi nasara har ƙofar gida. Unguwa ta fito. Yaya Asabe ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya. Ta zagaya motar a hankali, ta taɓa ƙofa ɗaya, ta zagaya ta taɓa ɗayar.

"Ina sauran?"

"Yaya, ki tsaya ki ga wani abu."

"Bala, ina sauran ƙofofin?"

"Ki dai duba baya."

Na kunna rediyo, na ƙure murya yadda za ta kai ɗakin Baba, wanda tagarsa ke kallon titi. Eriya ta fito gaɓa ɗaya, ta fito ta biyu, ta tsaya. Ta yi ɗan kuka, ta karkace. Rediyo ta ce shuu. Labulen Baba bai motsa ba. Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Idonta ya kawo ruwa, ta ce a hankali, "Yanzu da me za mu fito da shi?"

Sai na yi abin da bakanike ke yi in ya rasa abin yi, na ce batir ne ya yi sanyi, bari in ba ta wuta. Na taka totur da ƙarfi, na manta, na saki.

Fsshh!

Mata suka ja da baya, wani ya kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai a kan sitiyari. Sai muka ji murya daga cikin gida, muryar da muka daɗe ba mu ji ta ɗaga ba.

"Wa ke sakin tururi a ƙofar gidana?"

Muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Baba ya fito zaure yana laluben bango, ba hula, rana ta sa ya runtse ido. Yaya ta ruga ta riƙe shi, ya ce ta sake shi.

"Bala ne? Sake yi."

Na taka, na saki. Ya karkata kai yana saurare, bakinsa na motsi.

"Bawul ɗinta na da lafiya," ya ce. "Kada ka kuskura ka bari wani sakarai ya toshe shi."

Na ce to, Baba, ba zan bari ba.

Shigar da shi aiki ne. Ni na riƙe kafaɗa, Yaya ta riƙe ƙafa, muka sauke shi cikin kujerar kamar ana saka guga a rijiya, yana ta yi mana faɗa, mu kuwa daɗin faɗan muke ji. Yaya ta ce ba za a bar ta ba, ta naɗe kanta a kujerar kyanwa, gwiwa a haɓa. Muka hau titi. Garin girgiza sai eriya ta ƙarasa fitowa da kanta, labarai suka shigo tangaram, daidai yadda na ji su a Kwatano. Na dubi Baba ina jiran yabo.

"Kashe wannan abin," ya ce. "Ba na jin inji."

Na kashe. Ya ce in bi ta tashar jirgi. Muka bi gefen dogo, inda tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe suke, inda aka haife mu duka. Ba ya gani sosai, amma ya san wurin da lanƙwasar hanya. Ya ɗora hannu a kan gwiwata.

"Taka. Ƙara. Yanzu saki."

Fsshh.

Sannan ya ce, ba da ni yake ba, ba da Yaya ba, "In na taso daga Kaduna, daidai nan nake sakin tururi. Duk direbobi a tasha suke saki, ni a nan. Da haka uwarku ke sanin na iso, ta ɗora ruwan wanka."

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Tun rasuwar Inna ranar muka fara ganin kukansa. A baya ina jin Yaya na jan hanci cikin mayafi. Ni ma hanyar ta yi mini dishi-dishi, na rage gudu.

"Wa ya ce ka rage?" in ji Baba. "Zagayo mu sake bi."

Muka sake bi, muka kuma sakewa, har aka kira magariba. Da muka tsaya a ƙofar gida, kafin mu fara aikin ciro shi, ya juya wajen Yaya.

"Asabe, likitan nan naku, yaushe ya ce a je?"

"Ko gobe, Baba."

"To a gaya masa gobe." Ya laluba ya dafa sitiyari. "Amma ta hanyar tasha za mu bi."

Asibitin ba ta nan yake ba, zagaye ne mai nisa. Har yau ta nan muke bi.